Sharhi: Tsimin lantarki, daga ƙwan fitila zuwa bangon gida

Tun daga ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkokin lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, lissafin magidanta da masu sana'a ya sauya. An sassauta farashin daga baya, har ya tsaya a naira 209.5 a watan Yulin wannan shekara, amma duk da haka ya ninka na da sau uku. Ƙarin ya zo ne ƙasa da shekara guda bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, matakin da ya mayar da janareta, wanda shi ne madogarar gidaje da shaguna idan an ɗauke wuta, abin da sai mai hali ke iya tayarwa kullum. Jami'o'i da asibitocin koyarwa sun yi ta kuka da kuɗin wutar da ake kawo musu a wata, wasu ma har aka yanke musu layi.

Mafi yawan mahawarar da ake yi kan lantarki a Najeriya ta karkata ne ga samar da ƙarin wuta: sababbin tashoshi, bututun iskar gas da manyan layukan dakon wuta. Dalilin haka a fili yake. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana da tashoshin da ƙarfinsu a takarda ya kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a a yawancin ranaku yana tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato nawa ne daga cikin 'yar wutar da ake samu ke tafiya a banza a cikin gidaje da ofisoshi, ta hanyar fitilu masu cin wuta da gine-ginen da ke tara zafi. Amsar wannan tambaya tana da alaƙa kai tsaye da aljihun magidanci, kuma gyaranta ya fi gina sabuwar tasha sauƙi da sauri.

Lissafin ƙwan fitila

Tsohon ƙwan fitila mai zaren waya a ciki, wanda aka saba gani yana ba da jan haske, yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zuwa zafi, ragowar ce kawai ke zama haske. Shi ya sa ba a iya taɓa shi da hannu idan ya daɗe a kunne. Hasken da irin wannan ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, ƙwan LED mai wat 9 yana bayar da kwatankwacinsa. Ta fuskar ƙarko ma tazarar mai faɗi ce: tsohon ƙwai yana yin kimanin awa 1,000 kafin ya mutu, shi kuwa ƙwan LED mai inganci yana kai awa 15,000 ko fiye. Wannan fasaha ta samu ne bayan masana kimiyya uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun gano hanyar samar da shuɗin hasken LED, wanda daga gare shi ake haɗa farin haske. Aikin ya sa aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014.

Ana iya ganin bambancin a takardar kuɗin wuta. Gida mai ƙwayaye goma na wat 60, idan ana kunna su awa shida a rana, zai ci yunit 108 a wata. A farashin naira 209.5, kuɗin ya haura naira 22,600. Idan aka sauya su da na LED masu wat 9, cin wutar zai sauka zuwa yunit 16 da ɗan ɗoriya, wato kimanin naira 3,400. Ragowar da ta wuce naira 19,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, tun daga Yulin 2024, yake naira 70,000.

A matakin ƙasa kuwa, kowane ƙwai miliyan ɗaya da aka sauya ta wannan hanya yana rage wa babban layin wuta nauyin megawat 51 a lokacin da aka kunna su duka. Ƙwai miliyan 12 ke nan sun ɗan zarce megawat 600, wanda shi ne ƙarfin tashar lantarki ta madatsar ruwan Shiroro da ke Jihar Neja. Sauƙin yana zuwa ne kuma a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, tsakanin magariba da lokacin kwanciya, sa'ad da gidaje ke kunna fitilu gaba ɗaya kuma taransifomomin unguwanni ke shan wahala.

Abin da Ghana da Indiya suka gwada

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada wannan lissafi a aikace. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har Ghana ta shiga matsanancin ƙarancin wuta, gwamnatin ƙasar ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan shida kyauta, tana karɓe tsofaffin daga hannun jama'a. Sakamakon haka buƙatar wuta a lokacin da ta fi yawa ta ragu da megawat 124. Ghana ba ta tsaya nan ba. A 2008 ta kafa dokar hana shigo da tsofaffin ƙwayaye da kuma firji da na'urorin sanyaya ɗaki na hannu, ta kuma fara aiwatar da haramcin firjin gwanjo gadan-gadan a 2013.

Indiya ta bi wata hanya dabam a shirinta na UJALA da ta fara a 2015. Wani kamfanin gwamnati ne ya riƙa sayen ƙwayayen LED miliyoyi a lokaci guda, abin da ya tilasta wa masana'antu yin gasar rage farashi, har kuɗin ƙwai ɗaya ya sauko daga rupi 310 zuwa ƙasa da rupi 40. An raba fiye da ƙwai miliyan 360 a ƙarƙashin shirin. A Najeriya ma hukumar makamashi ta ƙasa, ECN, ta taɓa gudanar da shirin raba ƙwayaye masu tsimi miliyan ɗaya da haɗin gwiwar ƙasar Kuba da ƙungiyar ECOWAS, amma bai zama shiri mai ɗorewa irin na waɗancan ƙasashe ba.

Su ma ƙwayayen da Ghana ta raba a wancan lokaci, masu murɗaɗɗen farin gilashi, kwanansu ya kusa ƙarewa, domin suna ɗauke da zaiba, sinadarin da ke lahanta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi idan ƙwan ya fashe ko aka jefar da shi a bola. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, sun tsayar a 2022 cewa a daina ƙera ƙananan irin waɗannan ƙwayaye da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2025. A taron Geneva na 2023 kuma aka sa 2027 ta zama wa'adin ragowar, har da dogayen fitilun da suka cika ofisoshi da azuzuwa. Ƙasashen Afirka ne suka gabatar da wannan buƙata, don gudun kada nahiyar ta zama juji ga kayan da wasu suka daina amfani da su.

Jabun kaya da rashin mita

A yau ƙwan LED ya mamaye kasuwa, daga Alaba a Legas zuwa Sabon Gari a Kano, kuma yaɗuwar wutar sola ta ƙara masa karɓuwa, tun da duk wanda ya sayi batiri da kuɗinsa ba zai yarda ƙwai ɗaya ya zuƙe masa caji ba. Matsalar da ta rage ita ce ta inganci. Ana samun ƙwan da aka rubuta wa wat 15 alhali haskensa bai kai na wat 7 ba, da wanda ke mutuwa cikin 'yan makonni saboda kayan cikinsa ba sa jure hawa da saukar ƙarfin wuta. Magidancin da ya sayi irin wannan sau uku a shekara ya yi asarar ribar da aka yi masa alkawari, araha kuwa ba ta ado. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ce ke da alhakin tsayar da mafi ƙarancin mizanin ingancin fitilu da firji da na'urorin sanyaya ɗaki, amma mizanin ba zai yi aiki ba sai an tare jabun kaya a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki, an kuma riƙa gwada abin da ke cikin kasuwa. Shi ma mai saye yana da abin dubawa: adadin lumen da ke jikin kwali shi ke nuna yawan haske, wat kuwa yawan wutar da ƙwan ke ci ne.

Cikas na biyu shi ne mita. Kimanin rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta ba su da ita, ana yi musu lissafi ne bisa ƙiyasi. Wanda zai biya kuɗi iri ɗaya ko ya kashe fitila ko ya bar ta, ba shi da dalilin kashe ta, shi ya sa ake ganin ƙwayayen waje a kunne da rana tsaka a unguwanni da yawa. Duk wani kira na tsimin wuta da aka yi wa mutumin da ba shi da mita, wa'azi ne kawai, domin ba zai ga ladansa a aljihunsa ba.

Ginin da ke tara zafi

Fitila ita ce ɓangare mafi sauƙi. Babban mai cin wuta a gidajen masu matsakaicin hali da ofisoshi shi ne sanyaya ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda aka fi sakawa a falo tana jan kusan wat 1,100, daidai da ƙwayayen LED fiye da 120. Idan ta yi aiki da cikakken ƙarfi awa takwas a rana, za ta ci yunit 264 a wata, kimanin naira 55,000 a farashin Band A. Yawan aikin da na'urar za ta yi kuma ya dogara ne ga yadda aka gina ɗakin.

Ginin da ya zama ruwan dare a birane da garuruwa shi ne bangon bulo mai rami, rufin kwano, silin marar kauri ko ma babu shi, da tagogin gilashi masu zamewa waɗanda rabinsu kaɗai ke buɗewa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a Sakkwato da Maiduguri da Yola, kwanon yana ɗaukar zafin rana ya sauke shi cikin ɗaki, bulon kuma ya riƙe nasa har bayan isha'i. Mai hali ya kunna na'ura, mai ƙaramin ƙarfi ya dogara da fanka idan akwai wuta, idan babu ya fito da tabarma tsakar gida. A manyan birane kamar Abuja da Legas an ƙara da dogayen ofisoshi masu bangon gilashi daga sama har ƙasa, salon da aka kwaso daga ƙasashe masu sanyi inda ake maraba da zafin rana. Irin wannan gini ba ya shiguwa idan wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi.

An ga hatsarin wannan dogaro a watan Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki. Da a ce abin ya faru ne a tsakiyar bazara, da wahalar ta fi haka. Ƙwai ana sauya shi cikin minti guda, gini kuwa yana tsayawa shekara 40 ko 50, saboda haka kuskuren da aka yi a ranar aza harsashi, har jikoki sai sun biya kuɗin wutarsa.

Ƙa'idar da ke jiran masu aiwatarwa

Najeriya tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan al'amari. A 2017, Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, a ƙarƙashin minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda aka tsara da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GIZ. Sharuɗɗanta ba su da sarƙaƙiya. Kada faɗin tagogi ya wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, idan kuma ya wuce to a yi musu abin da zai ba su inuwa. A shimfiɗa abin da ke tare zafi a ƙarƙashin rufi. Kada fitilu su wuce wat 6 a kowace murabba'in mita a gidajen kwana, ko wat 8 a ofisoshi. Na'urar sanyaya ɗaki kuma ta kasance mai inbata, wadda injinta ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. Waɗanda suka tsara ƙa'idar sun ƙiyasta cewa bin waɗannan sharuɗɗa zai rage cin wutar sabon gini da kusan kashi 40 cikin 100.

Abin da ya rage wa ƙa'idar ƙarfi shi ne tsarin mulkin ƙasa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan abin da aka rubuta a Abuja ba ya hawa kan mai gini a Gusau ko Bauchi ko Fatakwal sai jiharsa ta shigar da shi cikin dokokinta, ta kuma horar da jami'an da ke duba zanen gini. Ko a inda aka yi hakan, gidaje da yawa ana gina su ne ba tare da zane ko takardar izini ba, mai gida da birkila ne ke yanke shawara a bakin fili.

Akwai kuma saɓanin buƙata tsakanin mai gida da ɗan haya. Mai gida ne zai kashe kuɗin silin mai kauri da rumfar taga, ɗan haya ne zai ci moriyar ragin kuɗin wuta. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, mai gini yana neman inda zai rage kashe kuɗi ne, kuma abin da ido ba ya gani a cikin rufi shi ake fara zubarwa.

Darasi daga ginin ƙasa

Dabarar kare ɗaki daga zafi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maginan gargajiya sun yi amfani da tubalin ƙasa suna yin bango mai kauri, rufin soro a kan azara, ƙananan tagogi a can sama, da tsakar gida mai bishiya. Bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, ta yadda zaure ke zama da sanyi a lokacin da rana ta take. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da Gidan Makama na Kano, shaida ne kan iyakar da wannan fasaha ta kai. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Ginin ƙasa yana da nasa rauni. Yana buƙatar yaɓe a kai a kai, ambaliya tana rusa shi, kuma da dare bangon yana sakin zafin da ya tara, dalilin da ya sa ake kwana a waje da bazara. Mutane da yawa kuma suna kallonsa a matsayin alamar talauci. Masu zanen gini na zamani sun nemi magance waɗannan ta hanyar bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji bayan an gauraya shi da ɗan siminti. Da irinsa Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci a garin Dandaji na Nijar, suka kuma mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama da silin domin iska ta ratsa ta kwashe zafi, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker. A nan gida, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan matse irin wannan bulo.

Yanayin Kudu dabam ne. A Legas da Fatakwal da Kalaba, inda iska ke da laima kuma dare ba ya sanyi sosai, abin da ya fi amfani shi ne tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, da rufi mai faɗin baki da zai yi wa bango inuwa. Akwai kuma matakan da suka dace da ko'ina, ba su kuma da tsada: a juya doguwar fuskar gini ta kalli kudu ko arewa, a rage tagogin gabas da yamma inda rana ke dukan bango kai tsaye, a shafa wa rufi farin fenti, a dasa bishiya a yammacin gida. Birnin Ahmedabad na Indiya ya mayar da farin rufi wani ɓangare na shirinsa na kare talakawa daga tsananin zafi, kuma ya kan rage zafin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar.

Inda alhaki ya rataya

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, kuma a 2024 Enugu da Ekiti da Ondo suka zama na farko da NERC ta miƙa wa wannan iko. A karo na farko, gwamna guda yana iya riƙe da ragamar wutar jiharsa da kuma ta izinin gini, don haka duk megawat da sababbin gine-gine suka ɓarnatar, jihar ce za ta nemo shi. Wannan dalili ne mai ƙarfi na shigar da ƙa'idar 2017 cikin sharuɗɗan izini, a fara da manyan gine-gine irin su otal-otal, rukunin shaguna da rukunin gidaje, waɗanda dama ba sa tashi sai da zane.

Gwamnati ita ce babbar mai gini a ƙasar nan. Azuzuwa, asibitoci, sakatariyoyi da gidajen shirin Renewed Hope da aka ƙaddamar a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, duk da kuɗin jama'a ake yin su, kuma da kuɗin jama'a za a biya wutar da yawa daga cikinsu. Idan aka sa sharuɗɗan tsimi cikin takardun kwangila, 'yan kwangila da birkiloli za su koyi aikin, masu sayar da kayan tare zafi su samu kasuwa, farashi ya sauko kamar yadda na ƙwai ya sauko a Indiya. Hakan kuma zai taimaka wa alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, na daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060.

Ga magidancin da ke shirin aza harsashi bana, shawarar ta fi kusa. Inda taga za ta kalla, kaurin silin da launin kwano duk ana yanke su ne kafin a zuba kankare, kuma gyara su bayan an tare ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.